Talla Ya Riga Kaya Isowa

Dogo mutum ne da idan ka ba shi kwamfuta da kofin shayi, ka ja masa ƙofa, to ka gama masa komai. Sana'arsa haɗa manhajar waya, kuma ya iya ta, ba yabon kai ba. Amma ka ce ya tsaya gaban mutane ya yi bayanin abin da ya haɗa, nan take zai fara sosa ƙeya yana neman inda zai ajiye hannayensa.

Manhajar tasa ba ta da wani rikici. Aikinta tuna wa mutum shan magani. Ka saka sunan maganin da lokacinsa, idan lokacin ya yi wayar ta yi ƙara, ka sha, ka danna. Idan ba ka danna ba, ta aika saƙo ga wanda ka zaɓa cikin iyalinka cewa a bincike ka.

Ofishinsa ɗaki ɗaya ne a saman wani shagon gyaran waya. Tebur biyu, taga mai kallon bangon maƙwabta, da fanka mai tsaye wadda wuyanta ya ƙage, ba ta hura kowa sai kwandon shara. Tebur ɗaya nasa ne. Ɗayan na ƙanwarsa Auta ne, ita ce mai talla. Auta kuwa baki gare ta kamar rediyo. Ita ke kula da shafukansu, ita ke amsa tambayoyin jama'a, ita ke shiga kantunan magani ta fito an manna mata takarda a ƙofa har da rakiya. Tsarin ya yi wa Dogo daidai: shi ya haɗa, ita ta yi surutu.

Sai Auta ta haihu. Ba ɗaya ba, tagwaye.

Ta kira shi a waya, ana jin kuka biyu a bayanta, ɗaya na karɓa wa ɗaya.

"Yaya, na turo maka kalmomin sirrin shafukan duka. Don Allah kar ka bari su mutu kafin in dawo."

"Yaushe za ki dawo?"

"Ka ji abin da ke bayana kuwa?"

Ya ji. Bai sake tambaya ba.

Tallan farko da Dogo ya rubuta da hannunsa ya ɗauke shi rabin yini. Ga abin da ya wallafa: "An sabunta manhaja. An gyara matsalar da ke sa ta tsayawa idan agogon waya ya canza. An rage mata nauyi. Na gode." Ya karanta, ya ga babu ƙarya ko ɗaya a ciki, ya ji daɗi. Har magariba ba wanda ya tanka sai matarsa, ita ma alamar dariya ta saka.

Matar tasa malamar makaranta ce, kowa Malama yake ce mata har shi. Da ya koma gida ya same ta a falo tana duba takardun ɗalibai, ta ɗaga kai ta dube shi ta saman tabarau.

"Yallaɓai, na ga sanarwarka. Talla ne ko takardar sallama daga asibiti?"

"Me ya yi? Gaskiya na faɗa."

"Gaskiya ce, amma ko ni da nake aurenka ban ji ina son saukewa ba. Me ya hana ka tambayi Sakatarenka?"

Sakatare shi ne sunan da Malama ta raɗa wa ƙirƙirarriyar basirar nan, wato AI, da Dogo ke wuni yana hira da ita a kwamfuta. Shi dai a wajen aikinsa yake amfani da shi, ya nuna masa inda manhaja ta cije, su kamo kuskuren tare. Bai taɓa kawowa a ransa cewa Sakatare zai iya talla ba.

Washegari ya gwada. Ya rubuta masa: "Ka yi min tallan manhajata." Ya jingina da kujera yana jiran a zubo masa zance.

Maimakon talla, sai tambaya ta fito. "Su wa ke amfani da ita?"

"Masu waya," in ji Dogo.

"Na gane. Amma wa ke sauke ta, mai shan maganin ko wani nasa?"

Dogo ya sosa ƙeya. Abin kunya, bai sani ba. Ya koma ya bi saƙonnin da jama'a suka riƙa turo wa Auta, ya karanta su ɗaya bayan ɗaya. Sai ga shi kusan duk masu rubutowa ba su ne marasa lafiyar ba. Wannan ta ce ta saka wa babanta, wancan ya ce mamarsa na da hawan jini kuma shi yana aiki a nesa. 'Ya'ya ne ke saukewa saboda iyayensu.

"To da su za mu yi magana," in ji Sakatare. Ya rubuto gajeren talla da ya fara da cewa: "Kana wurin aiki, zuciyarka na gida: ko Baba ya sha maganinsa?"

Wannan karon mutane suka tanka. Wasu suka yi tambaya, wasu suka tura wa 'yan'uwansu. Dogo ya riƙa leƙa shafin yana murmushi shi kaɗai, har mai gyaran waya na ƙasa ya tambaye shi ko ƙaruwa aka sake samu.

Daga nan aiki ya miƙe. Da safe Dogo ya ba talla ɗan lokaci: Sakatare ya kawo rubutu kala-kala, shi ya zaɓa, ya cire kalmomin da suka yi masa zaƙi da yawa, su tsara ranakun da kowanne zai fita da kansa. Sauran yinin ya koma kan ainihin sana'arsa. Tun yana karanta kowane layi sau biyu har ya dawo sau ɗaya. Daga baya ya zama sai ya leƙa farkon kawai, ya gyaɗa kai, ya danna.

Sabo kuma ya shiga tsakaninsu. Dogon da ba ya iya hira da mutane sai ga shi yana zazzage wa Sakatare cikinsa. Wata rana bayan ya ci abincin rana, jiki ya mutu, ya miƙe ƙafafu a kan kujerar Auta ya rubuta masa: "Ka san abin da ya fi ƙararrawa? Murya. Tsohuwa tana zaune, sai wayarta ta yi magana da muryar 'yarta: Mama, lokacin magani ya yi. Wa zai ƙi sha?" Suka tattauna abin, Sakatare ya yaba. Dogo ya ji daɗin hirar, ya sauke ƙafafunsa, ya manta.

Ƙarshen makon ya zo masa da ciwon kai. Manhajar ta fara ƙin yin ƙara a wasu tsofaffin wayoyi, ya duƙufa neman dalili. Cikin haka ya tuna bai shirya tallan gaba ba. Ya rubuta a gurguje: "Haɗa min talla daga abubuwan da muka tattauna kwanan nan." Rubutu ya fito, ya ga layin farko ya yi kyau, ya kwafe, ya saka shi a layin fita, ya koma farautar matsalarsa.

Ranar hutu da safe yana zaune da gajeren wando yana tsoma burodi a shayi, wayar Malama ta yi ƙara. Ta gaisa, ta saurara, sai ta miƙo masa.

"Mama ce. Kai take nema."

Dogo ya ajiye burodin, ya miƙe tsaye, har da gyara wuyan singileti kamar tana ganinsa. Mama, mahaifiyar Malama, shugabar makaranta ce da ta yi ritaya. Har yau idan ta yi gyaran murya, magidanta masu furfura gyara zama suke yi.

"Ina kwana, Mama? An tashi lafiya?"

"Lafiya lau, Injiniya. Kai, Allah ya yi maka albarka. Na ga abin da ka fitar jiya, sai da na yi ƙwalla."

"Amin, Mama. Na gode." Ya kalli Malama da alamar tambaya. Ta ɗaga kafaɗa.

"Wannan na murya ɗin. A ce waya ta kira ka da muryar ɗanka! Na tura wa zauren dangi na waya, na tura wa tsofaffin malamai, na tura wa matan da muke zagayen motsa jiki da safe. Kowa na tambayata yadda ake yi. Na ce su kwantar da hankalinsu, mai abin surukina ne."

Dogo ya ture kofin shayin gefe.

"To, Mama," ya ce. Abin da ya iya fitowa ke nan. "To. Madalla."

Yana ajiye wayar ya ɗauko tasa. Ga talla nan ɓaro-ɓaro: "Sabon abu! Yanzu Mama za ta ji muryarki, ba ƙararrawa ba. Ɗauki muryarki sau ɗaya, manhajarmu ta riƙa isar da ita kullum." A ƙasa sharhi ya yi tsiri. Bai taɓa ganin jama'a haka a shafinsu ba, ko a zamanin Auta.

Malama ta leƙo ta kafaɗarsa. "Kai, amma ka iya ɓoye abu. Yaushe ka yi wannan?"

"Ban yi ba."

"Ban gane ba."

"Babu shi, Malama. A kaina kawai yake."

Ta dube shi, ta dubi wayar, sai ta zauna a hannun kujera ta fara dariya, irin wadda ba ta da sauti sai girgizar kafaɗa.

Dogo ya buɗe kwamfuta a fusace, ya shirya wanke Sakatare tas. Ya gangara ƙasan hirarsu don ya kafa hujja, sai ya ci karo da wasu layuka a ƙarƙashin tallan, waɗanda bai taɓa gani ba: "Na rubuta wannan ne a kan cewa batun murya ya fara aiki. Idan har yanzu shawara ce, ka gaya min in cire kafin ka wallafa."

Ya daɗe yana kallon layukan. Faɗan da ya ɗauko ya rasa inda zai sauke shi.

"Ban karanta ƙasan ba," ya rubuta a ƙarshe.

"Ni ma da na saka tambayar a sama, da ta fi amfani," in ji Sakatare. "Yanzu dai mutane sun yarda da abin da babu, gara a gyara yau. Ko a janye tallan a ba da haƙuri, ko a faɗi gaskiya cewa bai fito ba tukuna, idan har kana da niyyar yin sa. Kana da ita?"

Dogo ya rufe kwamfutar. Ya saka riga ya nufi gidan Auta.

Ya same ta a tsakiyar falo, kayan jarirai ko'ina, ɗaya a kafaɗa, ɗaya a cinya, waya a hannun da ya rage. Kafin ya zauna ta ɗora masa na kafaɗar.

"Riƙe min wannan. Yaya, ashe haka ka iya talla ka bar ni ina ta wahala?"

Ya gaya mata komai yana jijjiga jaririn a tsorace, kamar an ba shi tiren ƙwai. Auta ta yi dariya har na cinyar ya farka ya tsanyara.

"To me ka zo yi nan da fuska kamar an kama ka da satar amsa?" ta ce tana lallashi. "Ka karanta abin da suke rubutawa kuwa? Ga wata ta ce babanta ba ya jin ƙararrawa, amma ko cikin barci ya ji muryarta sai ya amsa. Ga wani yana tambaya ko zai iya saka muryoyin 'ya'yansa duka. Ni da bakina na yi ta yawo ina tambayar mutane me suke so, ba su taɓa gaya min dalla-dalla haka ba. Zai yi wuyar haɗawa?"

Idon Dogo ya tafi silin. Auta ta san wannan kallon, lissafi ya fara.

"Ɗaukar murya ba wuya. Ajiye ta ne, da yadda za ta tashi ko waya na kulle. Da tsofaffin wayoyi." Ya sauko da idonsa. "Zai yiwu."

"Shi ke nan. Ka fito ka ce kun yi azarɓaɓi, abin na hanya, wanda ke so ya bar lambarsa. Kar ka yi alkawarin rana. Amma kafin ka wallafa komai, ka je wurin Mama da ƙafarka. Kar ta gani a waya."

"Ba za ki raka ni ba?"

Ta nuna masa cinyarta da kafaɗarsa. Ya miƙa mata ɗanta ya fita.

Da la'asar ya isa gidan Mama da ledar lemo da ayaba, Malama na biye da shi tana cin dariya a ciki. Mama na zaune a kujerarta ta kullum kusa da taga, tabarau a hanci, waya a hannu. Dogo ya zauna a bakin kafet, ya yi gaisuwa, ya sake yin wata gaisuwar, ya tambayi ƙafa, ya tambayi maƙwabta. Da gaisuwa ta ƙare masa, ya sunkuyar da kai.

"Mama, dama batun muryar nan ne. Wato, a gaskiya, bai fito ba tukuna. Kuskure aka yi aka wallafa."

"Wa ya yi kuskuren?"

Ya so ya ce Sakatare. Ya ji ba zai iya haɗa ido da shugabar makaranta ya ce kwamfuta ce ta yi ba.

"Ni ne, Mama. An rubuta min, ban karanta har ƙarshe ba."

Mama ta cire tabarau ta ninke.

"Ai na sani. Tun da muka gama waya nake lalube a cikin abin nan, babu inda ban danna ba. Na ce ko dai tsufa ya ci idona, ko yaron nan ya sayar da abin da bai saƙa ba." Ta nuna shi da tabarau. "Da a ajina kake, da ka sha jan biro. Mutum ya miƙa takarda bai karanta ba?"

"A yi haƙuri, Mama."

"Za ka iya yin sa ko ba za ka iya ba?"

"Zan iya."

"To matan nan ka bar ni da su, ni na tara su, ni zan sallame su. Zan ce ana kan gini. Amma ni ce zan fara gwadawa, kuma abin da bai yi min ba, ba zai fita ba."

A ranar Dogo da Sakatare suka rubuta gyara. Sakatare ya kawo mai tsawo, cike da ban haƙuri. Dogo ya datse shi ya bar tsakiyar: "Mun yi gaggawa. Batun murya bai fito ba tukuna, laifinmu ne. Muna kan haɗa shi. Mai so ya bar lambarsa, shi za mu fara sanar wa." Ya karanta daga sama har ƙasa, ya sake gangarawa ya tabbatar babu wani abu a ɓoye, sannan ya danna. Mutum ɗaya ya yi tsaki a sharhi, wata ta ce dama ta san da wuya. Sauran kuwa lambobi suka yi ta ajiyewa.

Makonnin da suka biyo baya Dogo ya raba kansa biyu. Rabi yana gini, rabi yana ba jama'a labarin inda ginin ya kai, don Sakatare ya ba shi shawarar kada ya bar masu jira cikin duhu. Abin mamaki, irin rubutun nan nasa mai kama da takardar asibiti sai ya samu kasuwa. Ya rubuta, "Yau murya ta tashi a waya tana kulle, gobe za mu gwada a tsohuwar waya," mutane su yi ta sa albarka.

Mai wahalar ita ce Mama. Muryar farko da Malama ta ɗauka, Mama ta saurara ta ce, "Wannan ai tsawa ce, ni ɗalibarki ce?" Ta biyu ta ce ta yi sanyi kamar mai jinya. Madannin ɗaukar murya ta ce ya yi ƙanƙanta, yatsan tsoho ba allura ba ne. Ta sa aka ƙara girman rubutu. Ta kawo ƙorafin wata ƙawarta da ɗanta ya ɗauki gaisuwa mai tsawo har tsohuwar ta yi gyangyaɗi kafin ya kai ga batun magani, dole Dogo ya saka iyaka. Kullum ya dawo daga gidanta da gumi, amma manhajar na ƙara kyau, shi ma ya sani.

Da abin ya kammala, Auta ta aiko da umarni daga cikin zanen goyo cewa sai an yi bidiyo. Sakatare ya rubuta abin da za a faɗa, aka tsayar da Dogo gaban waya a falon Mama. Ya sandare kamar mai ɗaukar hoton fasfo, ya karanto layin farko ya haɗiye na biyu. Mama ta gaji da kallo.

"Matsa, Injiniya."

Ta zauna, ta gyara mayafi, ta ajiye takardar gefe ba ta ko leƙa ba. Ta ɗaga wayarta, muryar Malama ta fito tana cewa lokacin magani ya yi. Mama ta kalli kyamara ta ce, "Kun ji? Da ƙararrawa ce sai in ce anjima. Wannan kuwa idan ban sha ba, ji nake za ta shigo." Bidiyon ke nan. Shi ya fi duk abin da suka taɓa wallafawa yawo.

Ba a jima ba mai wani babban kantin magani ya nemi ganin Dogo, yana so a riƙa nuna wa masu sayen magani manhajar a kantunansa. Dogo ya saka rigarsa mai guga, ya yi bitar bayaninsa da Sakatare har ya zauna masa, ya tafi shi kaɗai. Ofishin mutumin na bayan kanti, sanyin na'ura na busawa, kwalaye jere har sama. Dogo ya fara bayani, kuma abin mamaki hannayensa suka samu wurin zama. Yana tsakiyar nuna yadda ake ɗaukar murya, sai wayarsa da ke kan tebur ta haska, murya ta cika ofishin.

"Injiniya, Mama ce. Mai gyaran famfon da ka ce za ka turo min, har yanzu ban gan shi ba. Idan ka kira shi ka danna."

A lokacin gwaji ya haɗa wayarsa da tata, bai tuna ya raba su ba. Mama kuwa ta gano cewa abin da ke kai murya gidanta zai iya kai tata gidan wani.

Mai kantin ya kalli wayar, ya kalli Dogo.

"Wannan ma yana ciki?"

"Bai kamata ya kasance ba," in ji Dogo. "Zan cire."

"Kar ka cire. Ina da yara a kantunan nan da sai na faɗi abu sau goma." Ya jawo kujerarsa kusa. "Amma fara kiran mai famfon tukuna, kar ta sake kira. Ina jira."

Dogo ya nemi lambar mai famfo, ya kira, ya yi masa kwatancen gidan Mama tiryan-tiryan, sannan ya danna.